Layar Baƙuwa

Ranar Laraba, indararo na ta tsiyaya,
ina zaure bayan Ƙofar Doka, basilla a hannu,
sai ga mace ta yi sallama da Hausar koyo,
laima a dama, jinjiri a kafaɗa, takalmi duk taɓo.

Ta ce sunanta Tirza, Bayahudiya ce,
mijinta na koyar da lissafi can Samaru.
Wai mai wankinsu ya ce ni ke ɗinke layu.
Na ce dukanci gadona ne, zauna ga buzu.

Ta kwance ƙullin ƙyalle a hankali
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Takarda ce, ta yi launin ruwan shayi,
ninki ya cinye gefenta.

Na duba. Baƙaƙen ba namu ba ne,
a tsaitsaye suke kamar rumfunan kasuwa,
babu mai jingina da ɗan'uwansa.
Amma da ta ɗora yatsa za ta karanta
daga dama ta faro, ta nufi hagu.
Na yi gyaran murya, ban ce komai ba.

Sunayen mala'iku uku ne, in ji ta,
masu gadin bakin gado
kada mai yawon dare ta sace numfashin yaro.
Kakarta ta rataya wa uwarta,
uwarta ta rataya mata,
takardar ta ƙetare teku a ɗinke cikin kalmasar riga.
"An yi masa allura duka," ta ce,
"katin asibiti ma yana jaka.
Sai dai in dare ya raba..."
Ta tsaya nan. Ban nemi ƙarshen zancen ba.

Ni da na kai uku makwanci a tafin hannu
kafin Ajuji ya yarda ya zauna,
wa zai koya mini abin da dare ke yi?
Na san yadda Tabawa ke kai kunci bakin hancinsa
ta ji ko iskar na nan,
ta shafa maɗiga, ta lalubi layar wuya,
sannan ta bar barci ya ɗauke ta rabi.

Ajujin nan yau gemunsa ya fi nawa.
Shi ya sa aska ya tsinke ta wuyan 'yarsa,
ya ce Baba, Allah ne mai tsari, ba fata ba.
Na ce ban musa ba, ɗana, ko sau ɗaya.
Amma hannun uwa in tsoro ya kama shi
sai ya sami abin da zai damƙa.

Na zaɓo jar fatar akuya, jimar bagaruwa,
wadda ta sha karan dafi har ta ƙoshi.
Na ninke takardar inda ta saba ninkuwa,
na naɗe ta da zare,
na yi bisimilla a zuci, ita ma leɓenta na motsi.
Huda, ja, huda, ja,
ruwa na dukan kwano, rimin ƙofar gida na ɗiga.
Tsawon ɗinkin nan babu wanda ya yi magana.

Da na miƙa, yaron ne ya riga ta karɓa.
Ya jujjuya, ya dube ni,
ya cusa a baki yana ta dasashi,
yawu har gwiwar hannu,
yadda kowane ɗa a garin nan ke yi wa tasa.
Muka fashe da dariya, ni da uwar.

Kuɗin fata kaɗai na karɓa.

Da dare na ba Tabawa labari,
na faɗi teku, na faɗi baƙaƙe masu tsayuwa.
Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.
Can ta ce, "Ya fara haƙori ke nan.
Ka ce mata ta kula da zawo."